Wa Ke Riƙe Da Lalitar Bincike?

'Yan'uwana ɗalibai, da an ce aiki sai mu ce koyarwa ko gidan rediyo. Alhali daga Dutsen Zuma zuwa hedikwatar TETFund a Abuja ba nisa. Wannan hukuma, wadda ta gaji ETF a 2011, tana da asusun bincike na ƙasa mai kason ilimin zamantakewa. Ma'aikatanta ke karɓar takardun neman tallafi, su miƙa wa masana su tantance, sannan su bi diddigin kuɗin. To, in babu namu a teburin nan, wa zai tsaya wa binciken Gbagyi da Koro, harsunan da Hausa ke haɗiyewa a Suleja? Ni kaina na gidanmu yana kuɓuce mini. Mu nemi kujerar nan, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.