Allura da Waya: Sana'ar Hannu a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Tambayar da za mu duba a wannan fitowa ita ce wadda ake yawan yi a gidajenmu: shin mai ɗinkin hula ko mai saƙar faifai za ta iya sayar da kayanta ta intanet, har ta sami abin rufin asiri? Domin neman amsa, bari mu leƙa gabas, wurin 'yan'uwanmu Hausawan Jazira da bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, inda wannan ciniki ya fi ko'ina wuya, ya kuma fi ko'ina koyarwa.

Zaman Hausawa a can ya haura shekara ɗari. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas, suka kafa gari a bakin kogi kudu da Sinnar, wanda har yau da sunansa ake kiransa. Mahajjata masu tafiyar ƙasa ma sun yi ta yada zango a yankin, musamman bayan an kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gandun auduga na Jazira. Da yawansu da sana'ar hannu suka tara guzirin ƙarasawa Makka, wasu kuma suka zauna ke nan. Maza na noma da su, suna gasa agashe, naman da duk Sudan ta sani da wannan suna na Hausa. Mata kuwa na cikin gida da allura da zare, ko da kaba, suna fitar da tagiya, faifai, mafici da tabarma.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya girgiza wannan zama. Birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji ba su karɓe shi ba sai a Janairun 2025. Sinja ma ta shafe watanni a hannunsu a 2024. Kasuwanni sun watse, noma ya tsaya a wurare da dama, iyalai sun warwatsu zuwa Gadarif, Kasala, Fot Sudan, Masar da Saudiyya. A irin wannan hali, kuɗin hula guda na iya zama kuɗin cefanen gida.

To, ina kasuwar take? Matasa kan ambaci Etsy, kasuwar kayan hannu da aka kafa a Amurka a 2005, wadda ke karɓar senti 20 a kan kowane kaya da aka baje, da kashi 6.5 cikin ɗari na kuɗin ciniki, ban da ladan biyan kuɗi. Sai dai Sudan ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe shago daga cikinsu, PayPal ma ba ya aiki a can, duk da cewa Amurka ta ɗage takunkumin cinikinta a 2017. Saboda haka duk wanda ya zo wa mace a ƙauye da alkawarin buɗe mata shago a Turai in ta ba shi wani abu, a yi hattara da shi.

Kasuwar da ke hannu ita ce ta Facebook da WhatsApp. Tun kafin yaƙi matan Khartoum sun saba sayar da turare da tufafi a zaurukan Facebook na mata zalla, kuɗi kuma na shiga ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum. Mai sayen tagiya ko faifai ba Bature ba ne, ɗan'uwa ne da ke Jidda ko Alkahira, mai kewar gida, mai neman kayan ɗakin amarya ko hular Salla. Kaya kuwa kan bi hannun matafiya, ta jirgin ruwan Sawakin zuwa Jidda, wato hanyar da kakanni suka bi. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a kiyaye, kuma sun shafi mai sana'a a Maraɗi ko Zariya kamar yadda suka shafi ta Mai Wurno.

Na farko, ciniki ta waya cinikin biri a sama ne, gaskiyar bayani ce kaɗai ke sauko da shi. A ɗauki hoto da hasken rana, gaba da baya da ciki. A faɗi awon hula, a faɗi faɗin faifai, a faɗi ko rinin yana zuba. In akwai aibi, a nuna shi tun kafin a tambaya. Wanda aka ruɗa da hoto sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai gaya wa zauren gaba ɗaya.

Na biyu, hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne. Mazambata sun iya ƙirƙirar sanarwar Bankak ta jabu. Kada kaya su bar gida sai an duba asusu an ga kuɗin sun shiga. In aikin oda ne, a karɓi kafin alƙalami wanda zai biya zare da yadi. A kuma rubuta kowane ciniki a littafi, domin waya ba abin dogaro ba ce: a Fabrairun 2024 layukan Zain, MTN da Sudani sun ɗauke, mutane suka wayi gari kuɗinsu na cikin waya amma ba halin taɓa su.

Na uku, farashi. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta kai fam 600 na Sudan ba, amma a 2025 ta wuce fam 2,000. Wadda ta yanke farashi yau, ta gama aiki bayan wata guda, tana iya tarar da cewa kuɗin ba su sayen zaren da ta yi amfani da shi. Mafita ita ce a sayi kayan aiki ranar da aka karɓi kafin alƙalami, a kuma daidaita da mai saye na waje a kan riyal. Wajen lissafi kada a manta da kuɗin data, kuɗin mota, kason dillali, da kwanakin da aka shafe ana ɗinki. Mata da yawa kan lissafa zare su manta da idonsu da bayansu.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna. Sau da yawa mai allura ba ita ce mai waya ba. Ɗa ne, ko ƙane, ko maigida ke baje hoton, shi ke jin farashi, asusunsa kuɗin ke shiga. Ya ɗan'uwa, kuɗin nan na mai aikin ne. Ka faɗa mata ainihin abin da aka saya, ka yanka ladanka a fili bisa yardarta, ka miƙa mata sauran cif. Ranar da ta gane ana sayar da hularta ninki uku na abin da take karɓa, ranar za ta ajiye allura, kai ma ka rasa abin dillanci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata biyar ko goma na unguwa ɗaya za su iya haɗa kayansu a zaure guda, su wakilta amintacciya mai karatu ta riƙe littafi, su aika kaya a ƙunshi ɗaya domin kuɗin mota ya ragu. Tsarin adashe da muka gada ya isa ya zama tushen wannan haɗin kai.

Wannan ciniki ba zai mai da kowa attajiri ba. Amma zai iya biyan kuɗin magani da na makarantar yara, ya kuma sa 'yan mata su ga dalilin zama kusa da kakanninsu su koyi ɗinki. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.