Dajin da Doka ta Saki, Ɗan Bindiga ya Gada

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ya san yadda direba ke ƙara wuta da zarar an shiga Falgore. Haka abin yake a hanyar Birnin Gwari, daura da Kamuku. A takarda, waɗannan gandayen daji ne da gwamnati ta keɓe don namun daji da itatuwa. A zahiri kuwa kowa ya san masu kwana a cikinsu. Sambisa ma gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin da ke sa gaban iyaye faɗuwa.

Mun saba cewa matsalar tsaro ce kawai. Mu dai muna cewa akwai wadda ta riga ɗan bindiga buɗe ƙofa, ita ce dokar da aka bari ta tsufa.

A duba shekarunsu. Dokar namun daji da jihohin Arewa da dama suka gada, tun 1963 aka yi ta, zamanin Sardauna. Wadda ta kafa hukumar gandayen daji ta ƙasa, dokar soja ce ta 1999. Dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa kuwa, a 1985 ta yanka tarar naira dubu ɗaya, kuma ba a gyara wannan adadi ba sai a 2016. Shekara talatin da ɗaya mai fataucin hauren giwa yana kallon doka yana dariya.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta, abu na farko da ake koya mana shi ne kada ka kafe adadin da ka san gobe zai canza. Na biyu, manhajar da ba a sabuntawa, ɓarayi ne ke fara gano ramukanta. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita kullum tana damunka da neman sabuntawa. To, ina dalilin da dokar da ke tsaron Yankari, daji mai faɗin murabba'in kilomita fiye da dubu biyu, za ta yi ta zama yadda kakanni suka bar ta?

Babban aibin ma ya wuce batun tara. Dokokin nan sun gaji tunanin Turawan mulkin mallaka: a ja layi, a kori talaka. Mafarauci da mai ɗiban zuma da makiyayi da matar da ke neman itacen girki, duk masu laifi ne a idon doka. Manomin da giwayen Yankari suka tattake masa dawa ba shi da wani kaso da doka ta tabbatar masa daga kuɗin da baƙi ke biya don wanka a Wikki. Ka raba mutum da dajin da ya san kowace kwazazzabarsa, ka bar tsirarun ma'aikata da tsofaffin bindigogi, sannan ka yi mamakin wanda ya zo ya tare.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda goma, ciki har da Falgore da Baturiya. Madalla. Sai dai sabon kwano ne aka ɗora kan ginin da ya tsage.

Za a ce a bari tsaro ya samu tukuna. Soja zai kori ɓarayi ya koma bariki. Wa zai zauna? Mutanen ƙauyen da doka ta mayar bare a dajin kakanninsu?

Abin da muke nema ba shi da wuya. A wallafa iyakar kowane gandu a taswirar da kowa zai buɗe a wayarsa, don kada wani mai mulki ya yanka fuloti cikin dare. A ɗaure tara da mafi ƙarancin albashi, ta riƙa tashi tare da shi. A rubuta wa ƙauyukan gefen daji kasonsu na kuɗin shiga, da guraben aikin gadi, da diyyar amfanin gona. A kuma wajabta bitar dokar duk shekara biyar.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan ɗan majalisarku ya dawo neman ƙuri'a, ku tambaye shi shekarar da aka yi dokar dajin da ke mazaɓarsa. In ya yi shiru, kun san wanda ya bar ƙofar a buɗe.