Kafin A Kunna Wutar Gas, A Kira Bakanike

A 'yan shekarun nan babu sana'ar da ta kwashi samarinmu a Ibadan kamar sana'ar gwangwan. Tun da asuba za ka ga yara sun fita daga Sabo da Ojo da Sasa da amalanke da buhu, da yamma su dawo a ɗora a sikeli. Tsohon ƙarfe mai yawa da ke fitowa daga gidaje da gonaki da tsofaffin ma'aikatu, tun daga cikin gari har Iseyin da Saki, ta hannun Bahaushe yake bi kafin ya isa kamfanonin narkar da ƙarfe na Ogijo, kan hanyar Shagamu zuwa Ikorodu. Ba mu zo zagin sana'ar ba. Halas ce, tana ciyar da gidaje a nan, tana ciyar da wasu a Arewa, wasu har Maraɗi da Damagaram. Ƙorafinmu a kan abu ɗaya ne: iyayen gidan wannan sana'a sun mayar da sikeli shi ne alƙali a kan komai. Abin da ya mutu da abin da yake barci kawai, duk hukuncinsu ɗaya, a yanka a auna.

A watan jiya, a wani fili da ba za mu ambaci mai shi ba, an jawo wata tarakta Massey Ferguson 135 daga wata gona ta wajen gari. Tayoyinta sun ruɓe, fentin ya koɗe, ciyawa ta fito ta cikin lagireto. Amma injin bai fashe ba, giya tana shiga, har wani yaro ya kama fankar ya juya ya ce da nauyi, wato da sauran matsi a ciki. Kafin la'asar an raba ta gida shida. Washegari wani dattijon bakanike Bayarabe ya zo da ƙafarsa yana tambayar famfon injekta, ya ji labari. Aka nuna masa shi a cikin tulin ƙarfe, an riga an buga masa guduma don a ware alminiyon daga ƙarfe. Dattijon bai ce komai ba, ya kaɗa kai ya tafi. Mu da muke tsaye kunya ta kama mu.

Ku san abin da aka yanka. Wannan tarakta a birnin Kobentiri na Ingila aka riƙa ƙera ta tun daga 1964. Injin Perkins ne a cikinta mai silinda uku, na dizal, ƙarfinsa bai kai doki hamsin ba, amma ya isa ya ja garma da haro da tirela. Babu kwamfuta a jikinta, babu wata na'urar da sai an kira injiniya daga Legas ya jona waya ya karanta. Sifana da guduma da haƙuri ne maganinta. Idan silinda ta cinye, akwai hannun riga na ƙarfe a ciki da ake zarewa a sa sabo, a sa sabon fistin da ringi da metal da gasket, inji ya dawo kamar jiya aka yi shi. Kayan kuma ba su ɓace daga duniya ba, domin har yau kamfanin Millat na Lahor a Pakistan yana harhaɗa taraktocin Massey Ferguson a kan wannan tsohon tsari, haka ma kamfanin TAFE a Indiya. Shi ya sa za ka shiga kasuwar kayan gyara ka tambayi ringi ko famfon ruwa na irin wannan inji a miƙo maka a kwali. A Ingila ma da ta haife ta, akwai mutanen da suke neman irinta ido rufe, su kwance ta a bayan gida su gyara, su fito da ita baje koli. Mu da noma bai gama rabuwa da fartanya ba, mu ne muke sayar da ita kilo-kilo.

A yi lissafin kasuwa ma, tunda shi aka fi ganewa. Duk nauyin wannan tarakta bai kai tan biyu ba. Cire tayoyi, cire kuɗin jawo ta, cire gas da ladan mai yanka da lodi da mota zuwa Ogijo, cire abin da ake zaftarewa a bakin ƙofar kamfani wai datti ne. Me ya rage? Famfon injektan nan da aka farfasa bai kai kilo goma ba. A sikeli kuɗinsa ba zai sayi kwanon shinkafa biyu ba. Je ka Agodi Get ko Ladifo ka tambayi farashinsa, ko da kwance ne, ka dawo ka ba mu labari. Haka giyabos, haka kan silinda, haka famfon haidurolik da hannuwan nan uku na baya da ake maƙala garma. Ko mai filin ba shi da niyyar gyara, da ya kwance ta da sifana maimakon wuta, da ya ninka kuɗinsa. Wannan ba ciniki ba ne, sayar da akuya ne a farashin fata.

Ba tarakta kaɗai ba. Injin Lista, wanda kowa a cikinmu ya tashi yana jin bugunsa a gidan niƙa, shi ma yana ƙarewa a hannunmu. Tun wajen 1930 aka fara yin sa a Ingila, aka ci gaba da yi fiye da shekara hamsin, kuma har gobe masana'antun Rajkot na Indiya suna kwaikwayonsa, kayansu na shiga jikin na asali. Inji ne mai tafiya a hankali, juyi ɗari shida da hamsin a minti, shi ya sa ba ya saurin cinyewa. Sau da yawa wanda aka ce ya mutu, fistin ne ya kama saboda ruwan sama ya shiga ta bututun hayaƙi. A cire kai, a zuba dizal a bar shi ya jiƙa kwana biyu uku, a ɗora katako a riƙa bugawa a hankali, sai ka ga ya saki. Amma manyan ƙafafun nan biyu na zubi suna da nauyi, kuma nauyi shi ne abin da idon ɗan gwangwan yake gani. Haka baƙin keken ɗinkin Singer na iyayenmu, wanda koshiya da allurar Butterfly ke shiga cikin da yawansu, yanzu guduma ɗaya ake yi masa.

Kuma waɗannan kaya da kuɗin ƙasar nan aka saye su. Zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shagari bayansa, gwamnatoci sun shigo da taraktoci ba adadi. An kafa kamfanin Steyr a Bauchi yana harhaɗa taraktoci da manyan motoci, an kafa na Fiat a Kano. Aka raba wa ma'aikatun gona da gandayen gwamnati, aka yi aiki da su har ƙaramin abu ya lalace, aka jingine su a ƙarƙashin bishiya, aka rubuta takardar sayen sababbi domin a can kamasho yake. Laifin wancan ɓarna ba namu ba ne. Amma mu ne muke yi musu jana'iza yanzu, muna murna mun samu kaya.

Mun san amsar da za a ba mu, mun sha jin ta a majalisa bayan isha'i. Za a ce kuɗin gwangwan juyawa yake yi, ba a kwantar da shi wata uku a kan gyara. Gaskiya ne ga yaron da jarinsa bai wuce na amalanke ɗaya ba, kuma ba da shi muke ba. Muna magana da alhazan da suke loda tirela biyu uku a mako, waɗanda ba za su ji a jikinsu ba don tarakta ɗaya ta kwana a kusurwar fili. Za a ce wasu injinan sun mutu murus. Haka ne. Wanda bulok ɗinsa ya tsage daga sama har ƙasa, ko kiranshaf ya karye, a yanka, Allah ya ba da sa'a. To amma wa ya duba? Mai yanka ba ya buɗe murfi. Za a kuma ce, a hankali dai, wai gara a yanka da wuri kafin wani ya zo ya ce nasa ne. To wannan ita ce amsar da ta fi ba mu tsoro. Kayan da ake gaggawar ɓatar da kamanninsa, me ya sa ake gaggawar? Sunan da ake kiranmu da shi a rediyon garin nan duk lokacin da aka sace murfin kwalbati ko wayar wuta, daga irin wannan gaggawa ya samo asali, kuma yaron kirki mai amalanke shi ne yake shan dukan.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yaran. Tun da Legas ta hana acaba a manyan ƙananan hukumominta a watan Yuni na 2022, samari da yawa suka gangaro nan, wasu da babur wasu hannu rabbana. Ku zagaya garejin kanikawan manyan injina a garin nan ku ƙirga yaranmu nawa ne suke koyon aiki. Mai walda Bayarabe, mai juya ƙarfe a leda Bayarabe, mai gyaran injekta Bayarabe, mai sayar da kayan gyara Ibo. Namu shi ne ɗauka da aunawa. Su suna ajiye yaro shekara uku zuwa biyar a hannun maigida, a yi masa bikin yaye, ya fita da sana'ar da ba wata gwamnati da za ta hana da sanarwa ɗaya. Mu kuwa uba zai ce ɗansa ba zai yi aikin baƙin mai ba, wai ƙazanta ne, amma ya yarda ya tura amalanke cikin bola. Haba jama'a!

Kada kuma wani ya ce ai Bahaushe ba ya iya ƙarfe. Wa ya gina Panteka a Kaduna, inda ake mayar da tsohon ƙarfe injin markaɗe da na casar shinkafa da murhu da tukunya? Su wa ke Ƙofar Ruwa a Kano? Kafin Bature ya zo da sifana, maƙeranmu suna narka tama suna ƙera garma. A Kumasi, unguwar Suwame Magazin ta zama gari guda na masu gyara da ƙira. Abin da suke da shi wanda ba mu da shi a Sabo ba basira ba ce, su dai sun yarda su buɗe inji su leƙa ciki.

Mu kuwa muna da abin da duk waɗannan kanikawa suke nema: mu ne muke fara ganin kayan. Saboda haka ga abin da muke roƙon shugabannin 'yan gwangwan da fadar Sarki su zauna a kai, kuma ba ya buƙatar ko sisin gwamnati. Duk injin da ya shigo fili a haɗe, tarakta ne ko Lista ko janareto ko injin ban ruwa, kada a sa masa wuta sai ya yi kwana bakwai. A rubuta lambar jikinsa da sunan wanda ya sayar da inda aka ɗauko shi a littafi, wanda zai kare mai filin ranar da 'yan sanda suka zo. A cikin kwanakin nan a kira bakanike ya duba, a biya shi ladan dubawa. In ya ce ya mutu, a kwance abin da zai kwantu, a yanka sauran. In ya ce zai tashi, a ware masa rumfa a gefen fili, a yi yarjejeniya da bakaniken cewa zai gyara a nan, da yaranmu biyu ko uku a gefensa suna miƙa sifana suna kallo. Ribar a raba yadda aka saba raba ribar saniya tsakanin mai ita da dillali, ai ba mu ne za a koya wa wannan ba.

Masu saye kuwa suna nan. Manoman rogo da masara na Oke-Ogun kowace damina layi suke bi suna jiran tarakta ta haya, wani har lokacin shuka ya wuce. 'Yan'uwanmu masu noman rani a gida suna neman injin da zai ja ruwa yini guda bai yi zafi ba. Yanzu haka mun san filaye biyu da Lista ke kwance a cikinsu, ɗaya har da hannun tayarwarsa a jiki, kuma an ce ranar Asabar mai gas zai zo.