Waiwaye: Kitsen jini ma ana gadonsa

A gidanmu na Madarunfa maza ba su cika ganin furfura ba. Kakana a gona ya faɗi, bai kai hamsin ba. Baffana kuwa masunci ne, siriri, ba teɓa ko kaɗan, kullum yana kan tafki. Wata rana ya dawo daga su ya dafe ƙirji, kafin a samu motar Maraɗi rai ya yi halinsa. A zaman makoki wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iskokin ruwa ya taka. Ajali na Allah ne, babu musu, amma sanadin ba wanda ya bi diddiginsa.

Alhali alamar tana jikinmu. Da yawa cikinmu muna da ƙullutu mai tauri a agara ko a bayan yatsu, wasu kuma da ɗan tabo rawaya a fatar ido. Tsofaffin mata har tsokana suke yi da shi, wai shaidar gida ce. Sai da ƙanena ya je awon jini a Maraɗi, likita ya duba takardar, ya latsa agararsa, ya ce, "Malam, mahaifinka yana shekara nawa ya rasu, kuma me ya same shi?" Daga wannan tambayar aka aiko mana duka mu je awo.

A nan ana ɗaukar kitsen jini, wato kolestarol, ciwon Alhazawa ne masu cin tsire da man shanu. Akwai irin wannan, amma na gado daban yake. Hanta ce ke tsame mugun kitsen daga jini. Wanda ya gaji ciwon, hantarsa rabin aikin take yi, don haka tun yana yaro kitsen ke taruwa a jijiyoyin zuciya ko da fura da tuwon hatsi kawai yake ci. Masana sun ƙiyasta mutum 1 cikin kusan 250 na ɗauke da shi, mafi yawansu ba su sani ba. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa ko ƴa rabi da rabi ne: ko ya ɗauko, ko ya tsira.

Tun 1938 wani likitan Nowe, Carl Müller, ya gane cewa ƙullutun nan da ciwon zuciyar matasa abu ɗaya ne mai bin dangi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin wani likita mai suna Khachadurian a Beirut a 1964, cikin iyalai masu yawan auren zumunci irin namu. Ya nuna cewa yaron da ya gada ta uwa da uba duka, zuciyarsa kan iya kamuwa tun kafin ya balaga. Ba cewa nake a daina haɗa ɗan wa da ƴar ƙane ba. Amma mun ga yadda awon sikila kafin aure ya fara zama jiki, bayan da can ana ganinsa tamkar tonon asiri. Awon kitsen jini ma zai iya bin wannan hanya.

Magani akwai. Ƙwayoyin sitatin, waɗanda Akira Endo na Japan ya fara ganowa a jikin funfuna, suna kasuwa tun 1987. Kullum ake sha, likita ne ke rubutawa, kuma mai ciki ba ta sha. Rage soye-soye da barin taba na taimakawa, sai dai su kaɗai ba su isa ba ga mai na gado. Wahalar ita ce shan magani alhali ba inda ke yi maka ciwo. Ni kaina sai mai ɗakina ta tuna mini.

In a danginku an rasa namiji da ciwon zuciya kafin ya kai 55, ko mace kafin 60, ku nemi awon kitsen jini, ku gaya wa likita tarihin gidan. Ku tafi da yaran, kuma a aika wa ƴan'uwa mata da ke aure a Ɗan Isa ko Jibiya, domin su ma suna gada.