Keke yana rataye, gadar Gaya tana rufe

Tun shekarar 2019 nake da wata niyya da abokan aikina na biro suka mayar abin ba'a. Ina so in hau keke daga Maraɗi in bi sawun fataken goro har Salaga, cikin ƙasar Gonja ta arewacin Gana, ina kwana a tanti duk inda dare ya riske ni. Har yau ban tafi ba. Da ban ɗauki alƙalami a kan wannan ba, don kuwa shaƙatawar ma'aikaci guda ba ta kai labarin jarida ba. Abin da ya sa na ɗauka shi ne, dalilan da suka tsayar da kekena su ne suka tsayar da motar mai albasa da ta mai wake.

Shirin bai da wuyar fahimta. Daga Maraɗi a bi kwalta zuwa Ƙonni, Dogonduci, Dosso, a gangara Gaya, kusan kilomita 700. A haye gadar Kwara zuwa Malanville, a bi Kandi da Paraku da Jugu a ƙasar Benin, a ratsa Togo ta Kara da Basar, a shiga Gana ta Yandi. Bisa lissafina tafiyar duka za ta kai kilomita 1500. Wanda ke yin 70 a wuni yana hutawa lokaci-lokaci, wata guda ya ishe shi, daidai da hutun shekara na ma'aikacin gwamnati. Lokacin kuma Disamba ne ko Janairu, sa'ad da damina ta ɗauke, zafin bazara bai sauko ba, iskar hunturu kuwa tana busowa daga arewa maso gabas, wato tana tura mai nufar kudu maso yamma daga baya. Na tanadi tanti da gidan sauro, da tiyub da faci, da jarkar ruwa, da katin rigakafin shawara. Takarda ba ta dame ni ba, tun da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa daga cikinsu ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.

Na sa Disamban 2020. Annobar korona ta zo, ƙasashe suka rufe iyakoki tun watan Maris na shekarar, Gana kuwa ba ta buɗe nata na ƙasa ba sai Maris 2022. Wannan ban zargi kowa ba.

Ɗagewa ta biyu tawa ce, kuma ita ta fi ci mini rai. A Disamban 2022 gadar tana buɗe, hutuna yana hannuna, ƙafafuna lafiya lau. Sai na ce ai akwai bikin ƴar ƙanena, ai kuɗin guzuri bai cika ba, ai baɗi ma shekara ce. Gaskiyar magana, na saba da daɗin shiri. Shimfiɗa taswira bayan sallar isha, ana auna zango da zare, ya fi hawan tudu da keke mai kaya sauƙi nesa ba kusa ba. Duk mai ajiye da irin wannan niyya ya san abin da nake nufi, ko hajji ce, ko ziyarar ɗan uwa a Kumasi da aka yi shekara goma ana cewa bayan salla.

Baɗin da na jira ta zo da juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu bayan haka shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki da Nijar, Najeriya ta yanke wuta, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville kaya na ruɓewa a ciki. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris, amma mahukuntan Yamai suka bar gadar Gaya a toshe, suna cewa ƙasar Benin na ba masu nufin Nijar da sharri masauki, zargin da Kwatano ta musanta. Haka aka ci 2024, haka aka shiga 2025, shekarar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu. Mutane ba su daina hayewa ba, sai dai a kwale-kwale, da kuɗin fito da ya ninka, da kasadar ruwa.

Za a ce mini, to ka sa keken a kwale-kwale mana. Sai in ce, in na haye in bi ina? Dajin W da ke dab da hanyar Kandi ya zama mafakar ƴan bindiga. A Afrilu 2025 gwamnatin Benin da bakinta ta ce an kashe mata soja 54 a wannan yankin. Ta Burkina, hanyar Torodi zuwa Fada, ba a ma fara zancenta. Ta Najeriya, Sakkwato zuwa Yawuri da Borgu, wadda ita ce asalin turbar fatake, masu garkuwa da mutane suna jiran mai tanti su yi masa barka da zuwa. Ƙofa uku, kowace da irin makullinta.

Na san abin da wasu masu karatu ke faɗa a ransu: hawan keke da kwana a daji wasan Turawa ne, mutum da iyali da furfura me ya kai shi? Wani Alhaji maƙwabcina ya faɗa mini haka ido da ido, ya ƙara da cewa shi kayansa na zuwa daga Lome ba fashi. Na tambaye shi ta yaya suke zuwa. Ya ce ta Kaya da Dori da Tera, ɗaruruwan motoci a jere, soja gaba soja baya, bayan an yi makonni ana jiran ayari ya cika. To, Alhaji, wannan ba buɗaɗɗiyar hanya ba ce, hanya ce da ake fasawa da bindiga, kuma kuɗin fasawar yana cikin farashin buhun shinkafar da ma'aikaci ke saye da albashin da bai motsa ba. Ma'aunin hanya a wurina shi ne mutum guda, marar rakiya, marar ubangida, wanda ke iya tsayawa a ƙauyen da bai san kowa ba, ya gai da mai gari, a nuna masa gindin itace, ya kwana, ya tashi da kayansa. Mai keke shi ne wannan mutumin, haka ma mai tallan koli da makiyayi da almajiri. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Gine ya gwada a 2023, ya nufi jami'ar Azhar a kan keke, ya ratso har ta nan Nijar. Sau uku ana tsare shi a hanya, biyu a Burkina, ɗaya a Togo. A Cadi yaƙin Sudan ya tare masa gaba, sai da mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira.

Kakanninmu ma sun san ɗage tafiya. Madugu ba ya ɗaure wa jaki kanwa da fata da rini sai ya ji labarin hanya, ya san sarkin da ke yaƙi da wanda ke karɓar gaisuwa. A 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gonja, mutum sama da dubu. Ba zan ƙawata zamanin ba, an sayar da bayi a kasuwar Salaga, an yi fashi a Borgu, yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Amma wuraren da suka sauke kaya su ne suka zama zango-zangon da ake jin Hausa a cikinsu yau daga Jugu har Kumasi da Ankara. Madugu yana iya aikawa ya tambayi sarki nawa ne fito, kuma yaushe za a bari a wuce, a ba shi amsa.

Wannan amsar ce muke nema. Waɗanda suka rufe iyaka a Abuja cikin zama guda ba su zo Gaya sun ƙirga asarar da suka jawo ba. Waɗanda suka riƙe gadar daga wannan gaɓar suna da haƙƙin tsare ƙasa, ban ja da haka ba, amma ɗan kasuwan da ke biyan duwan da ma'aikacin da ake cire wa haraji suna da haƙƙin jin sharaɗin buɗewa a fili, da inda tattaunawa ta tsaya. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi su ne ya kamata su riƙa tambaya kowane wata, da takarda, ba a zauren shayi kawai ba.

Ni dai gwiwata ta dama ta fara magana in na hau bene. Na sauko da keken ranar Lahadi na shafa wa sarƙa mai, na buɗe tantin na tarar ɓera ya huda kusurwa guda. Takardar neman hutun Disamba tana cikin aljihun tebur, na sa hannu, wurin kwanan wata ne kawai ban cike ba.