Wutar Kanti: Laifi Tudu Ne

A Gwadangaji, da sauran unguwannin Birnin Kebbi, da ƙwan lantarki ya soma ƙyafta ido a kanti, sai mai kanti ya ce, "NEPA ce." Alhali kuwa NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta daɗe da zama labari, kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke riƙe da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Suna ne ya saura, ana rataya masa kowane laifi, mai kanti kuwa ya koma ya zauna kamar ba ruwansa. Wannan hali ba ƙaramar wauta ba ce.

Ba a musun wani laifin daga waje yake. Wuta tana tasowa daga Kainji, ta biyo doguwar waya zuwa tashar Birnin Kebbi, a yi ta rage ƙarfinta har ta iso kanti a kan ma'aunin bolt 230. Kadan aka ɗora wa taransifomar unguwa kayan da ya fi ƙarfinta, musamman da bazara, sa'ad da kowa ya kunna fanka da firji, lalle wuta za ta raunana. Amma fa a lura, ga jama'a duka za ta raunana, ba ga mutum ɗaya ba.

Saboda haka farkon bincike ba ya cin ko kwabo. Mai kanti ya leƙa maƙwabtan da ke kan waya ɗaya da shi. In tasu tana tsaye, tasa kaɗai ke rawa, to, cutar tana cikin gida. Sa'an nan ya samu takarda, tun da ya iya rubutu, ya riƙa rubuta lokacin da abin ke faruwa da abin da aka kunna. In fitila na dushewa duk sa'ad da firji ko injin markaɗe ya tashi, galibi waya ce ta yi siriri ga kayan da aka ɗora mata. In ƙyaftawar ba ta da lokaci, sau da yawa mahaɗin waya ne ya saki. Wurin yakan yi zafi, ya yi baƙi, ya yi ƙaurin roba. In kuwa wani ƙwai ya yi haske ƙwarai, wani ya dushe a lokaci guda, wannan alama ce wayar da wuta ke komawa ta cikinta ta saki, ko a ginin ko a bisa turke. Nan ba a jira gobe ba. A kashe babban makunni, a kira masani, a gaya wa kamfani.

To, mene ne akasarin masu kantuna ke yi? Su kira yaro mai filaya, don ya fi araha. Fis ya tsinke, yaron ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, a ce ya gyara. Ashe mai gadi ya kora, gama aikin fis shi ne ya ƙone domin kanti ya tsira. Waɗansu kuma su sayo na'urar daidaita wuta su jona a kan ruɓaɓɓiyar waya, kamar mai shafe gyambo da turare. Araha ba ta ado.

Akwai masu aikin lantarki da ke da takardar shaida ta hukumar NEMSA, masu zuwa da ma'auni su gwada, ba su yi duba ba. Ladansu bai kai kuɗin firji ɗaya ba, balle kanti da kayansa. Wanda ya ƙi biyan wannan ya tuna gobara ba ta san iyakar kanti ba; in ta tashi da tsakar dare cikin hunturu, har da dukiyar maƙwabcin da bai ci ba bai sha ba za ta tafi.