Gurgu Ma Yana Da Haƙƙin Ganin Dutsen Zuma

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, babu cikinku wanda bai san Dutsen Zuma ba, domin duk motar da ta ɗauko ku zuwa gida Sallah ta hanyar Lakwaja, in ta wuce Zuba za ta nufi Kaduna, sai ta bi ta gindinsa a Madalla. Wanda ma bai taɓa tafiyar ba, hoton dutsen yana cikin aljihunsa, tun da aka buga shi a bayan takardar naira 100 a 1999. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne wani rukunin 'yan'uwanmu da aka hana wa ganin wannan dutse da sauran kayan tarihin Suleja, wato guragu da tsofaffi da waɗanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar a kan keke. Ba wanda ya kafa doka ya hana su. Matakala da lambatu da rashin kula su suka tare musu hanya, kuma mu masu ƙafafu mun yi shiru.

Bari mu tuna wa juna ko wace irin gari ce Suleja. Bayan jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, sa'an nan ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, wannan masarauta ta ba da ƙasa mai yawa, ta kuma ba da sunanta, ita kuwa ta koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A garin nan Baturen nan Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta zama mace ta farko a wurin, har ta kai ga hotonta yana kan naira 20. In ka kama hanyar Minna kuma, ga faɗuwar ruwan Gurara, mai tsayin kusan mita 30. Garin da ya ba ƙasa sunan babban birninta, ya ba ta hotuna biyu na kuɗinta, ai gadon kowa ne, kuma ba a taɓa jin an raba gado aka ce gurgu ba shi da kaso ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Wai mutumin da ke neman abin sawa a bakin salati, ina ruwansa da yawon buɗe ido? Wannan magana, duk da kamannin tausayi da take da shi, ita ce tushen cutar. Mun saba kallon gurgu a matsayin baki da za a ciyar, mu jefa masa ɗan canji a ƙofar masallaci mu wuce, muna ganin mun sauke nauyi. Mun manta yana da ido da hankali da sha'awa. Alhali kuwa cikin masu keke akwai malaman makaranta da teloli da 'yan kasuwa da ɗalibai. A wasannin naƙasassu na duniya da aka yi a Riyo ta Barazil a 2016, 'yan Nijeriya sun dawo da lambobi 12, takwas daga ciki na zinariya, a shekarar da masu lafiyar ƙafa suka dawo da tagulla ɗaya tak. Wanda ya ɗaga tutar ƙasa a idon duniya, da wane baki za a ce masa bai cancanci ganin ƙasar ba?

Sa'an nan keken guragu ba na wasu jinsin mutane dabam ba ne. Cutar shan-inna ta yi wa Arewa ɓarna fiye da kowane sashe, kuma ko da yake an tabbatar da kawar da ainihin ƙwayarta daga Nijeriya a 2020, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu. Ɗan acaɓan da ke ratsa titunan Ikko da safe, haɗari guda ya isa ya zaunar da shi kafin la'asar. Tsufa kuwa yana jiran duk wanda Allah ya ja kwanansa.

Wasu kuma za su ce ai babu kuɗi. To, a zo a yi lissafi. Dutsen Zuma ba sai an hau shi ake ganinsa ba. Fili mai daɓen siminti a gefen hanya, da inuwa, da wurin tsayawar mota, sun wadatar. Gurara, sauka zuwa gindin ruwan sai mai ƙarfin gwiwa, amma ana iya shimfiɗa turba mai santsi zuwa wurin kallo daga sama, a kafa mata makarin ƙarfe. Ƙa'idar magina a duniya sananniya ce: duk tsayin ƙafa 1 na matakala, a yi masa gangara mai tsawon ƙafa 12, ƙofa kuma ta kai faɗin kusan santimita 90 don keke ya shige. Makewayi guda mai faɗi da abin dafawa a kowane wuri, da ƙaramar mota guda mai gangarar hawa a bayanta, su ne sauran. A unguwannin cikin gari, Hashimi da Magajiya da Kurmin Sarki, babban abokin gabar mai keke shi ne lambatu a buɗe, maganinsa kuwa murfin siminti ne. Makarantar tukwanen Ladi Kwali ta sha fama da rashin kulawa shekaru da dama, kuma duk gyaran da za a yi mata, gangara a ƙofa ba za ta ci kuɗin fentin bango ba. Kuɗin da ake kashewa a rumfuna da shinkafa ranar taron siyasa guda ya isa a fara.

Wanda ke ganin abin ba ya yiwuwa, ya tambayi alhazanmu. Dattijuwar da ba ta iya taku goma ana tura ta a keke ta yi ɗawafi, ta yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, cikin dubban ɗaruruwan mutane, domin an shirya wurin da ita a zuciya. A birnin Atina na ƙasar Girka, tsohon haikalinsu yana kan ƙololuwar dutse, amma sun kafa na'urar ɗaga mutane a 2004 don masu keke su hau. Su dutse suka haura, mu kuwa lambatu ya gagare mu.

Maganar ma ta wuce ta alfarma. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashenta na 30 ya ambaci wuraren tarihi da na yawon buɗe ido ƙarara. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a da motocin haya. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kuma kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020, ofishinta yana Abuja, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba daga Suleja. Saboda haka Gwamnatin Jihar Neja da Ƙaramar Hukumar Suleja ba su da hujjar cewa ba su ji ba, ba su gani ba.

Ku kuma 'yan'uwa na Kurmi, kada ku ce nisa ya ɗauke muku nauyi. Kuna da ƙungiyoyin gari da na sana'a, kuna tara kuɗi ku gina masallaci ko ku haƙa rijiya a gida. Ku sa gangara cikin kowane ginin da kuka biya kuɗinsa, ku ƙi amincewa da tsarin da babu ita. Ku rubuta wa kansilolin mazaɓun Hashimi da shugaban Ƙaramar Hukuma, ku tambaye su ranar da za a rufe lambatun hanyar fada. Masu neman ƙuri'a za su zo zangonku, ku sa wannan cikin abin da za ku tambaye su. Kafin a aza tubali ko ɗaya kuma, a kira Sarkin Guragu da jama'arsa su gwada wurin da kekunansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kakanninmu sun naɗa wa guragu sarki saboda sun ɗauke su jama'ar gari masu murya a fada. Mu da muka zo da boko da doka da siminti, abin kunya ne mu kasa buɗe musu hanyar zuwa ganin garin nasu. Allah Ya sa masu iko su ji, mu kuma Ya ba mu ikon tuna musu.